Tabar Wiwi da Ciwon Damuwa: Me Tsarin Endokanabinoid na Ƙwaƙwalwa Yake Yi a Zahiri?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa ƙaninta mai shekara 24 ya shiga wani hali tun bayan da jarinsa ya karye. Ya daina shiga mutane, barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai an matsa masa. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta masa magani, amma ya sha na kwana goma ya ajiye. Yanzu tabar wiwi yake sha kullum da daddare, kuma hujjarsa ita ce ya karanta a intanet cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam da kanta tana samar da irin sinadarin da ke cikin wiwi domin ta kwantar da hankali, saboda haka shi ƙari kawai yake yi a kan abin da aka riga aka halitta a jikinsa. Tana son ta san ko maganar tana da tushe, kuma ko man CBD (wani sinadari da ake cirowa daga wiwi) da ake tallatawa zai iya maye gurbin maganin asibiti.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi a kansa. Ƙanin naki bai ƙirƙiri maganar ba, domin rabinta na farko gaskiya ne, kuma shi ya sa take da wuyar kayarwa idan ana gardama da shi. Akwai wani tsari a ƙwaƙwalwa da masana ke kira endokanabinoid, kuma yana da hannu dumu-dumu a yadda mutum ke shiga tashin hankali da yadda yake fita daga cikinsa. Inda maganar ta karkace shi ne a rabi na biyu, wato ɗaukar cewa zuƙar wiwi ƙarfafa wannan tsari ne. Domin ki iya fahimtar da shi da hujjar da ta fi tasa, dole na yi miki bayanin yadda tsarin yake aiki.

Ta hanyar binciken tabar wiwi aka gano tsarin, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a cibiyar bincike ta Weizmann da ke Isra'ila, suka ware sinadarin THC, wanda shi ne ke sa maye a tabar. An shafe fiye da shekara 20 ana muhawara kan yadda yake aiki, har zuwa 1988 lokacin da Allyn Howlett da ɗalibinta William Devane, a Jami'ar St. Louis ta Amurka, suka nuna cewa akwai wani makarɓi na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera wanda THC ke maƙalewa a kai. A 1990 aka tantance ƙirarsa, shi ne ake kira CB1, a 1993 kuma aka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Masana suka ga cewa jiki ba zai tanadi makarɓi saboda wani ganyen da mutum zai iya rayuwa har ya mutu bai taɓa gani ba, dole akwai wani sinadari na cikin jiki da aka yi shi dominsa. A 1992 aka samo shi daga ƙwaƙwalwar alade a ɗakin binciken Mechoulam da ke birnin Kudus, aka sa masa suna anandamid, sannan a 1995 masu bincike a Isra'ila da Japan suka gano na biyu, 2-AG, wanda ya fi na farkon yawa a ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Dukansu dangin kitse ne, kuma ƙirarsu ba ta yi kama da ta THC ba. Abin da ya haɗa su da shi kawai shi ne makarɓi ɗaya suke hawa.

Yawancin saƙonnin ƙwaƙwalwa hanya ɗaya suke bi: ƙwayar jijiya ta farko ta saki sinadari a ɗan tsagin da ke tsakaninta da ta biyu, ta biyun ta karɓa. A 2001 wasu rukunan masu bincike a Amurka da Japan suka nuna cewa endokanabinoid baya yake komawa. Idan saƙo ya yi wa ƙwaya ta biyu yawa, sai ta ɗebi kitse daga fatar jikinta a nan take, ta haɗa 2-AG, ta tura shi baya zuwa ga wadda ta aiko, ya hau CB1, sai mai aikowar ta rage sakin saƙo. Ba a tara wannan sinadari a ajiye kamar yadda ake tara sauran sinadaran saƙo. A lokacin da ake buƙatarsa ake haɗa shi, a mahaɗar da ake buƙatarsa kaɗai, kuma cikin 'yan daƙiƙu wasu sinadarai masu narkarwa su share shi, FAAH ya narkar da anandamid, MAGL ya narkar da 2-AG. Ki ɗauki mai lambu da ke bin tumatirinsa da bokiti, yana zuba ruwa a gindin wanda ya yi yaushi yana tsallake wanda ƙasarsa ke da laima, ki kwatanta shi da ranar da kogi ya yi ambaliya ya shafe fadamar baki ɗaya. Duka ruwa ne, amma na biyun shi ne abin da THC ke yi, domin yana bin jini ya isa kowane sashe na ƙwaƙwalwa a lokaci guda, ya hau CB1 na sashen tsoro da na tunawa da na daidaita tafiya da na sha'awar abinci, ko suna buƙata ko ba sa buƙata, ya kuma zauna na awoyi saboda FAAH da MAGL ba sa iya narkar da shi, sai hanta ta yi wannan aikin a hankali.

Yanzu sai mu zo kan tashin hankali, wanda a nan ne aka fi fahimtar aikin tsarin. Mutum yana tsallaka titi sai ga babur ya taho masa a guje. Kafin ya gama tunani, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ya riga ya faɗakar da wani sashen mai suna haifotalamus, shi kuma ya saki wani sinadarin saƙo mai suna CRH, wanda ke sa a aika saƙo ta jini zuwa ƙullin da ke kan ƙoda domin ya saki kotisol, sinadarin da ke shirya jiki fuskantar haɗari, a daidai lokacin da adirenalin ke sa zuciya bugawa da sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Binciken da aka yi a kan ɓeraye, musamman na Matthew Hill da Cecilia Hillard da Sachin Patel, ya nuna cewa sinadaran biyu ba aiki ɗaya suke yi a wannan yanayi ba. A lokacin da mutum yake cikin natsuwa, anandamid ne ke riƙe da amigdala yana hana shi firgita a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da haɗari ya zo, CRH yana zaburar da FAAH, anandamid ya ragu cikin mintuna, amigdala ya samu sakewa ya yi aikinsa. Wannan raguwar ba cuta ba ce, ita ce ke ba mutum damar yin tsalle ya kauce wa babur ɗin. Bayan ɗan lokaci, kotisol ɗin da aka saki yana komawa ƙwaƙwalwa ya sa a haɗa 2-AG a haifotalamus da ɓangaren goshi, wanda shi ke kashe wutar, ya sa mutum ya dawo hayyacinsa ya ci gaba da tafiya kasuwa. Haka kuma idan abu ɗaya yana maimaituwa kullum ba tare da ya cutar ba, 2-AG yana ƙaruwa a amigdala a kowane karo, shi ya sa wanda ya tare kusa da layin dogo yake firgita da ƙarar jirgi a makon farko, daga baya ya riƙa barcinsa.

Akwai wani gwaji da nake ganin ya fi kowane bayyana muhimmancin tsarin. A 2002 Giovanni Marsicano da Beat Lutz, a cibiyar Max Planck da ke Munich a Jamus, suka koya wa ɓeraye tsoron wani sauti ta hanyar haɗa shi da ɗan jan lantarki a ƙafa. Daga baya suka riƙa kaɗa sautin ba tare da lantarkin ba. Ɓeraye masu lafiya sun gane cikin 'yan kwanaki cewa haɗarin ya wuce, suka daina sandarewa. Waɗanda aka haifa ba su da CB1 sun koyi tsoron daidai da sauran, amma sun daɗe suna sandarewa duk lokacin da suka ji sautin. Wato dai tsarin yana cikin abin da ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa abin tsoro ya wuce, kuma duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya tsira daga hari ko mummunan haɗarin mota, wanda har bayan shekaru ƙarar fashewar taya ke sa shi rawar jiki, zai gane dalilin da ya sa likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗora wa wannan bincike buri mai yawa.

Idan matsin ya ƙi ƙarewa, kamar bashi da rashin aiki da zaman zullumi na watanni, tsarin da kansa yana gajiya. A ɓerayen da aka daɗe ana takura wa ta hanyoyin da ba sa iya hasashe, an ga CB1 ya ragu a hifokamfus, wato sashen tunawa na ƙwaƙwalwa, anandamid ya zauna ƙasa, suka daina sha'awar ruwan sukari, wanda shi ne abin da masu bincike ke auna rashin jin daɗin rayuwa da shi a dabba. A 2025 rukunin Caroline Ménard na Jami'ar Laval ta Kanada ya ƙara wani abu: ɓerayen da suka jure cin zalin manyan ɓeraye ba tare da sun karaya ba suna da CB1 mai yawa a ƙwayoyin astirosait, waɗanda ke kewaye da ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna taimakawa wajen hana sinadaran kumburi shiga daga jini. A ɗan Adam kuwa hoton bai fito tas haka ba. Wasu ƙananan bincike sun sami ƙarancin 2-AG a jinin mata masu ciwon damuwa, wasu ba su samu ba, wani binciken gawa na 2004 ma ya sami CB1 ya ƙaru a ɓangaren goshin ƙwaƙwalwar masu ciwon damuwa da suka kashe kansu. Abin da ake aunawa a jini ba lallai ya zama shi ne ke faruwa a mahaɗar jijiya ba. Saboda haka babu wani gwajin jini a yau da zai ce wa mutum endokanabinoid ɗinsa ya yi ƙasa, kuma duk wanda ya ce zai auna miki shi ya sayar miki da magani, kuɗinki yake nema.

Hujja mafi ƙarfi a kan ɗan Adam ta zo ne ta hanyar da ba a so. Tunda an san wiwi na buɗe ciki, sai kamfanin Sanofi-Aventis ya haɗa wani magani mai suna rimonabant, wanda ke toshe CB1, domin rage ƙiba. An amince da shi a Turai a 2006 da sunan Acomplia, kuma ya yi aikin da aka yi shi dominsa, domin masu shansa sun rage kusan kilo 5 a shekara fiye da waɗanda aka ba ƙwaya marar magani. Amma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2007 ya nuna cewa masu shansa sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen daina magani saboda baƙin ciki ya rufe su, alhali tun farko an cire masu ciwon damuwa daga gwaje-gwajen. A wani babban gwaji na mutum fiye da 18,000, huɗu daga cikin masu shan maganin sun kashe kansu, ɗaya kuma daga waɗanda aka ba ƙwaya marar magani. Amurka ba ta taɓa ba shi izini ba, Turai kuma ta dakatar da shi a Oktoban 2008. Wannan ya tabbatar da cewa idan aka toshe tsarin a mutum mai lafiya, damuwa da fargaba na iya bayyana.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda aka halitta da anandamid mai yawa. Wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon FAAH, wanda ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka fiye da Turawa, yana sa sinadarin narkarwar ya yi rauni, kuma an ga masu shi amigdalarsu ba ta cika zabura da hoton fuskar barazana ba. Tasirinsa kaɗan ne, bai hana kowa ciwon damuwa ba. Misali mafi ban mamaki shi ne na Jo Cameron, wata dattijuwa 'yar Sikotland da likitocin Landan suka wallafa labarinta a 2019, wadda aka yi wa tiyata mai zafi a hannu ta ce ba ta buƙatar maganin raɗaɗi. An gano tana da sauyi biyu da suka raunana FAAH, kuma anandamid ɗin jininta ya ɗara na sauran mutane da kusan kashi 70 cikin 100. Da aka yi mata tambayoyin auna fargaba da damuwa, sifiri ta samu a duka biyun. Sai dai takan ƙone a murhu ba ta sani ba sai ta ji ƙaurin fatarta, ga kuma yawan mantuwa da ta ce ta rayu da ita.

Daga waɗannan biyun sai masana suka yi lissafin da ya yi kama da hankali: tunda toshewa na kawo damuwa, ƙarawa za ta kawo sauƙi, kuma hanya mafi tsafta ita ce a hana FAAH aiki, yadda anandamid zai daɗe a inda jiki ya riga ya samar da shi kawai, ba tare da maye ba. A ɓeraye abin ya yi kyau matuƙa. Rukunin Daniele Piomelli a Kalifoniya ya nuna a 2003 cewa irin wannan magani yana rage fargaba, a 2005 kuma aka nuna yana zaburar da ƙwayoyin da ke sakin serotonin, sinadarin saƙo mai alaƙa da walwala, kamar yadda magungunan damuwa ke yi. Da aka zo kan marasa lafiya na gaskiya sai labari ya sha bamban. Maganin kamfanin Janssen bai cim ma abin da aka sa masa a gaba ba a gwajin kusan mutum 150 masu fargabar shiga jama'a. Wani da kamfanin Pfizer ya fara haɗawa ya ɗan taimaka wa masu son barin wiwi a wani ƙaramin gwaji na maza 70 da aka buga a 2019, amma da kamfanin Jazz ya gwada shi a kan masu ciwon firgicin bayan bala'i, a ƙarshen 2023 ya sanar cewa bai fi ƙwaya marar magani ba. Tsakanin waɗannan kuma akwai abin da ya faru a birnin Rennes na Faransa a Janairun 2016, inda aka kwantar da mutum shida daga cikin masu sa kai a gwajin wani maganin kamfanin Bial na Fotugal, ɗaya ya rasu, wasu suka sami lahani a ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna daga baya cewa wannan maganin yana taɓa wasu sinadaran narkar da kitse da ba a nufa ba, abin da sauran danginsa ba sa yi, amma duk da haka fagen ya ja baya na shekaru. Zuwa yanzu babu wata babbar hukumar magunguna da ta amince da wani magani na wannan tsari domin ciwon damuwa. A ganina wani ɓangare na matsalar shi ne ciwon damuwa ba cuta ɗaya ba ce mai sanadi ɗaya, kuma ɓeran da aka takura wa na mako uku ba daidai yake da saurayin da jarinsa ya karye yana jin kunyar haɗa ido da mahaifiyarsa ba.

To me ya sa ƙanin naki yake jin sauƙi idan ya sha? Bai kamata ki ƙaryata shi ba, domin sauƙin na gaske ne, na 'yan awoyi. CB1 yana kan jijiyoyi masu zaburarwa, yana kuma kan masu kwantarwa, kuma gwajin ɓeraye ya nuna cewa ɗan kaɗan na sinadarin da ke hawa CB1 yana rage aikin na farkon, mai yawa kuma ya rage na biyun, sai sakamakon ya juye. An ga haka a mutane ma. A wani gwaji da aka yi a Chicago aka buga a 2017, miligiram 7.5 na THC ya rage wa masu sa kai ɓacin rai bayan an sa su jawabi a gaban masu tantancewa, miligiram 12.5 kuma ya ƙara musu shi. Tazarar miligiram 5 ce kacal, alhali wanda ya sayi ƙulli a lungu ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin naɗinsa, balle yanzu da nau'o'i masu ƙarfi irin su Loud suka yawaita, ga kuma irin su Colorado da ake fesa wa sinadaran da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda ƙarfinsu a kan CB1 ya ninka na THC sau da yawa.

Babban abin damuwa shi ne abin da shan kullum ke yi wa tsarin. Idan makarɓi ya daɗe ana danna shi, ƙwayar jijiya tana janye shi ciki ta rage yawansa. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwa da aka buga a 2012 a Amurka ya sami CB1 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a ɓawon ƙwaƙwalwar masu sha kullum. Ma'anar wannan ita ce anandamid da 2-AG na jikinsa, waɗanda yake kafa hujja da su, yanzu sun sami ƙarancin wurin sauka. Da safe idan THC ya sauka, sai ya tashi da ƙunci da saurin fushi fiye da na jiya, ya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, ya jira dare ya sake sha. Idan ya yi ƙoƙarin bari, daga kwana ɗaya zuwa uku alamomin dainawa za su taso, wato rashin barci, mafarkai masu firgitarwa, zufa, ƙin abinci da ɓacin rai, su yi tsanani a makon farko, su lafa cikin mako biyu, ko da yake matsalar barci na iya kai wata. Mutane da yawa a nan suke komawa, suna cewa ai ga shi ba za su iya rayuwa ba sai da ita. Abin da ya kamata ya ji shi ne a wancan binciken hoton ƙwaƙwalwa na 2012, bayan kusan mako huɗu da dainawa, CB1 ya koma yadda yake.

Alƙaluman jama'a ma ba su goyi bayansa ba. Wani nazari na 2019 da Gabriella Gobbi ta Jami'ar McGill ta jagoranta, wanda ya haɗa bincike 11 na mutum fiye da 23,000, ya sami cewa waɗanda suka sha wiwi kafin shekara 18 sun fi fuskantar ciwon damuwa a farkon girmansu da wajen kashi 37 cikin 100, haɗarin yunƙurin kashe kai kuma ya ninka fiye da sau uku. A Denmark, bayanan lafiyar mutum fiye da miliyan 6 da aka nazarta a 2023 sun nuna masu jarabar wiwi sun kusa ninka sauran wajen kamuwa da ciwon damuwa daga baya. Gaskiya ne irin wannan bincike ba ya raba sanadi da sakamako tsaf, domin mai damuwa ma yakan nemi wiwi. Amma da tabar magani ce, da an ga masu shan ta sun fi samun sauƙi, kuma wani babban nazari na 2019 a mujallar Lancet Psychiatry, wanda ya duba bincike 83, bai sami hujjar kirki cewa sinadaran wiwi na warkar da ciwon damuwa ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da gwamnatin Najeriya a farkon 2019 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da miliyan 10.6.

Maganar CBD gajeruwa ce. Ba ya sa maye, kuma ba ya hawa CB1 yadda THC ke yi. Amfaninsa da aka tabbatar shi ne a wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, wanda saboda su Amurka ta amince da Epidiolex a 2018. Akwai ƙaramin gwaji na Brazil a 2011 inda miligiram 600 ya rage fargabar yin jawabi ga masu tsoron jama'a, sai dai wannan sha ɗaya ne, kuma adadin ya ninka abin da ke cikin ɗigon kwalaben talla sau da yawa. A kan ciwon damuwa babu ingantaccen gwajin da ya nuna yana aiki. Da aka auna kayan CBD 84 da aka saya ta intanet a Amurka a 2017, kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya dace da rubutun jikin kwalba, an kuma sami THC a 18 daga cikinsu. Bugu da ƙari yana iya taɓa hanta, yana kuma ɗaga adadin wasu magungunan damuwa a jini, irin su sitalofiram.

Wata hanya da aka tabbatar tana ɗaga endokanabinoid na jiki ba tare da ta lalata makarɓinsa ba ita ce motsa jiki. Tun 2003 aka nuna cewa minti 50 na gudu ko tuƙa keke yana ƙara anandamid a jini, kuma matsakaicin ƙarfi ne ya fi yin haka, wato wanda numfashi ke ɗaukewa kaɗan amma mutum yana iya magana. A 2021 masu bincike a Hamburg suka ba masu gudu maganin da ke toshe aikin endofin, wato sinadarin rage zafi da jiki ke samarwa, amma jin daɗi da raguwar fargabar bayan gudu ba su gushe ba, abin da ya ƙarfafa zaton cewa endokanabinoid ne ke da babban kaso a ciki. Ga wanda ciwonsa ya kai na ƙanin naki wannan taimako ne a kan magani, kuma da wuya ya fara shi da kansa, sai wani aboki ya riƙa zuwa yana fitar da shi filin ƙwallo ko tattaki bayan sallar asuba.

Abin da za a yi yanzu shi ne a mayar da shi wurin likitan, kuma a faɗa masa gaskiyar shan wiwi, da yawan abin da yake sha da lokacin da ya fara, domin wannan yana canza yadda za a duba shi. Kwana goma ba su isa a yanke wa maganin damuwa hukunci ba. Irin su fuluoksetin da amitiriftilin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauyi, wani lokaci har shida, alhali tashin zuciya ko jiri ko bushewar baki na zuwa tun kwanakin farko, kuma wannan ne ke sa mutane da yawa su ajiye. Idan ya samu sauƙi zai ci gaba da sha na aƙalla wata shida, idan kuma na farko bai karɓe shi ba akwai wasu, tare da zaman tattaunawa da ƙwararre kan gyara tunani da ɗabi'a. Ki kuma gaya wa likitan idan ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma yana cike da kuzari da surutu da kashe kuɗi ba lissafi, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin ana bin sa, domin waɗannan alamomin wasu cututtuka ne da maganinsu ya bambanta, kuma wiwi na tsananta su. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna duba ciwon damuwa da shaye-shaye tare.

Saboda shekarunsa ba su kai 25 ba, a sa masa ido sosai a makonnin farko na magani da na barin wiwi, domin a wannan tsakanin tunanin kashe kai kan iya ƙaruwa ga matasa. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya kuma ku biyu, ko yana tunanin ya gaji da rayuwa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ki riƙe magungunan a hannunki ki riƙa ba shi na kullum, musamman idan amitiriftilin ne, wanda yawansa ke da haɗari ga zuciya, a kuma kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga inda zai kai hannu. Idan ya ce yana da niyya ko ya tsara yadda zai yi, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti a ranar ba tare da jiran ranar da likita ya ba shi ba.